Waiwaye: daga yayyafin tsohuwar tele zuwa "babu sinyal", yadda TNT ta same mu a Damagaram

Lokacin kokowar takobi da ta wuce kawuna na Garin Malam ya kira ni har sau uku a waya wai in zo tele ɗinshi ta haukace. Na tarar da tsakar gida cike da maƙwabta da yara, ana tsakiyar karawa, ɗan kokowa ya cafko ƙafar abokin karawarshi ke nan sai hoto ya daskare ya farfashe ƙanana ƙanana kamar an zube karo, murya ta yi ƙit ƙit, sai baƙin allo da rubutun faransanci wai babu sinyal. Kafin hoto ya dawo har an yi kaye makaɗa sun shiga fili. Kawu ya dube ni ya ce "kai ɗan nan, ta da ko da yayyafi ai muna ganin wanda ya faɗi, wannan abin naku ci gaban mai haƙar rijiya ne." Na yi dariya amma maganar ta tsaya min, don yana da gaskiya a rabi, ɗaya rabin kuma babu wanda ya taɓa zama ya yi mishi bayani. Abin namu da yake nufi shi ne TNT, wato sabon tsarin tele na nimerik (dijital) da ake kamawa da antan daga ƙarfen watsawa na ƙasa, ba daga tauraron ɗan adam ba.

Tele a Nijar ba don nishaɗi ta fara ba, don karatu ta fara. A 1964 aka soma tele ta ƴan lakwal a Yamai da taimakon Faransa, ana koyar da yara ta allo. An kafa ORTN, hukumar rediyo da tele ta ƙasa, a 1967, amma sai ƙarshen shekarun 1970 zamanin Seyni Kountché tele ta zama ta kowa da sunan Télé Sahel. Kuma gwamnatin lokacin ta san talaka ba ya da kuɗin akwati, shi ya sa aka rarraba tele ta jama'a a unguwanni da ƙauyuka, wasu da hasken rana suke aiki, da magariba a fito da ita kowa ya zo da tabarmarshi. Manyanmu har yanzu suna ba da labarin wannan, mu kuma mun riski ƙarshenshi.

Mu nan Damagaram muna da wani ƙarin ciwon kai da ƴan Yamai ba su cika sani ba. Yamai tana nesa da mu wajen kilomita 900, Kano kuwa ga ta nan kusa, kayanmu daga can suke zuwa. To Nijar tana watsa hoto da tsarin SECAM irin na ƙasashen da Faransa ta raina, Nijeriya kuma PAL, sai mutum ya sayo tele sabuwa dal daga Kano ya kunna Télé Sahel ya ga baƙi da fari, muryar ma sai shuuu, dole ya kai ta wajen mai gyara ya taɓa mata ciki. Daga baya ne masu cin kowane tsari suka cika kasuwa. Mutanen Magarya da Matamai da Dungas kuwa dogon ƙarfe suke kafawa su juya antan kudu don su kamo NTA ko CTV ta Kano saboda wasan kwaikwayo na Hausa, wata rana ta fito tas wata rana sai inuwar mutane. Abin lura shi ne ko yaya sinyal ya raunana ana ganin wani abu, yayyafi ne kawai yake ƙaruwa, kuma idonmu ya saba.

Daga 2000 zuwa sama tashoshi suka ƙaru, Ténéré, Tal TV, Dounia, Canal 3 da sauransu, kowace sai ta nemi nata ƙarfe da nata na'urar watsawa, shi ya sa da yawansu suka daɗe Yamai kaɗai ake ganinsu.

Ita maganar TNT ba a Nijar aka yanke ta ba. A 2006 ne a birnin Jeneba hukumar sadarwa ta duniya ta tara ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya aka sa hannu cewa za a bar tsohon tsari a koma na nimerik, aka sa ranar 17 ga Yuni 2015 ga zangon watsawa na sama da ake kira UHF, wasu ƙasashe har da tamu aka ƙara musu zuwa 17 ga Yuni 2020 ga zangon ƙasa da shi da ake kira VHF. Dalilin ba wai son mu ga hoto mai kyau ba ne kawai. A tsohon tsari tasha ɗaya tana cinye layi guda sukutum, a sabon kuwa layin nan guda mai faɗin megahaz 8 yana ɗaukar tashoshi fiye da goma a dunƙule, sai sauran sararin, wato wajajen megahaz 700 da 800, a ba kamfanonin waya su yi intanet da shi. Wato wani yanki na 4G ɗin da muke kallon TikTok da ita daga gadon tele ta fito. Faransa ta fara TNT a 2005 ta kashe tsohon tsari a 2011. Mu a Afirka ta Yamma 2015 ta zo ta wuce kusan kowa bai shirya ba, Nijeriya ma sai 2016 ta fara a Jos. Ƙasashen UEMOA, masu kuɗin sefa a Afirka ta Yamma, suka tsaya a kan tsarin watsawa na DVB-T2 da tsarin matse hoto na MPEG-4, a Nijar kuma aka raba aiki, tashoshi su shirya shiri, wata hukuma daban da ake kira AND ita ce mai ɗaukar sinyal ta watsa.

To a cikin shekarun nan da ake ta taro da neman kuɗi jama'a ba su zauna jira ba. Parabol ta yi araha, dekodar ta cika kasuwar Dole, yara matasa suka koyi saiti da ɗan mita a hannu, Arewa24 ta zo a 2014, ga tashoshin wa'azi ga na Larabawa ga Canal+ ga masu son bal. Kafin TNT ta iso da gaske rufin gidaje ya riga ya cika da faranti. A ganina wannan shi ne babban abin da ya ci TNT a garin nan, ta zo a makare ta tarar an ci an wanke hannu, kuma da ta zo ba a yi mata shela yadda talaka zai gane ba.

Sai batun nisa, wanda shi babu siyasa a ciki. Sinyal ɗin tele ba kamar na rediyon gajeren zango ba ne da ke tsallake ƙasashe, kusan sai antan ɗinka yana "ganin" ƙarfen watsawa. In ƙarfe ya kai mita 100 naka antan yana mita 10 a sama, lissafi ya nuna da ƙyar a wuce kilomita 50 da ƴan kai, shi ma a fili shimfiɗaɗɗe, saboda ƙasa kanta a lanƙwashe take. Mirya ba ta kai kilomita 20 ba, tana ciki. Amma Magarya wajen 90 ce, Tanut ta fi 130, Gure ta fi 150, kowanne sai da nashi ƙarfe, tsakaninsu kuma akwai ƙauyuka birjik da ba su cikin inuwar kowa. Jihar Damagaram kaɗai ta fi murabba'in kilomita dubu 150, ka ga ko ƙarfe nawa za a kafa ba za a rufe Tesker da rugagen arewa ba, can sai dai tauraron ɗan adam. Kuma kowane ƙarfe yana son wuta dare da rana da mai da ma'aikaci, mun ga yadda abin ya kasance a 2023 da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulki. In wuta ta ɗauke a wajen na'urar watsawa kai kana gida da panno da batir ɗinka lafiya lau amma allo baƙi, sai ka yi ta zagin tele ɗinka a banza.

Ko cikin gari ma ba daidai muke ba. Duk wanda ya san duwatsun Birni ya san gida zai iya zama a bayan dutse, ga benaye da ake ta ginawa, ga rufin kwano da ke tare sinyal in antan na cikin ɗaki. Nan ne bambancin da ya ɗaure wa kawu kai yake. Nimerik ba ta san rabi da rabi ba, in sinyal ya kai wani mizani hoto tas kamar kana wurin, in ya sauka ƙasa da shi ko da kaɗan sai daskarewa sai ɗif. Gidan da yake bakin wannan mizani shi ne yake shan wahala, iska ta ɗan kaɗa antan a lokacin hunturu ko hadari ya taso shi ke nan.

Akwai kuma tarkon da ya kama mutane da yawa, tele ƴan gwanjo na Turai. Za ka ga an liƙa mata TNT ɓaro ɓaro a jiki, mai saye ya ce alhamdulillahi ba sai na sayi dekodar ba, ashe DVB-T ce ta farko irin ta Faransa, ba ta jin yaren T2, ka yi ta neman tasha ta ce sifili. Wani kuma ya haɗa wayar antan da dekodar parabol wadda S2 ce, wato ta tauraron ɗan adam, ita ma ba abin da zai fito sai in mai haɗe biyun ce. Wani mai gyara a Dole ya ce min mafi yawan telen da ake kawo mishi da sunan sun lalace lafiyarsu ƙalau, ko dai T2 ce babu ko kuma kabul ne. Harafin nan guda da lamba 2 da an yi ta faɗarsu a rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci da an huta da asara mai yawa.

Na kawu dai kabul ne. Na sa ɗan autanshi ya hau soro, muka tarar antan ɗin tun na zamanin da ne, haƙarƙari biyu sun karye, ya juya baya yana kallon gabas, wayar kuma rana ta gasa ta har ta tsattsage, an haɗa ta wuri biyu da ledar burodi, ruwan damina ya shiga jan ƙarfen ciki ya yi kore. Muka aika aka sayo sabuwar waya guda ba haɗi da sabon kai, aka ƙara wa sandar tsawo, na buɗe wurin da dekodar ke nuna ƙarfin sinyal da ingancinshi, na ce a bar kallon na ƙarfi a kalli na inganci, yaro yana sama yana juyawa a hankali ni ina ƙasa ina ihu "ƙara, ƙara, koma kaɗan, tsaya nan!" Muka ɗaure da waya muka sake neman tashoshi. Kawu yana ta matsa min in sa mishi ɗan akwatin ƙara ƙarfi irin na maƙwabcinshi na ce a'a kawu, ku da kuke cikin gari shi zai ma iya cika dekodar ya ɓata hoton, na ƴan nesa ne.

Washegari ya kira ni bayan isha'i ya ce an ga karawa uku ba ko ƙiftawa, amma ƙanenshi na wani ƙauye bayan Damagaram Takaya ya ji labari yana so in je in yi mishi irin wannan. Na tambayi nisan garin, da ya faɗa min na ce kawu ku ce mishi ya fara tara kuɗin parabol.