Masu tambayata kan zuwa kallon besbol a filin Durham Bulls, ga amsa a wuri ɗaya

Duk shekara da zarar sanyi ya wuce sai 'yan uwanmu da suka zo jihar North Carolina ta Amurka su fara kirana da tambayoyi iri ɗaya, har na gaji da maimaitawa. Dan Allah ku karanta wannan kafin ku sake kira.

Wai ba shi ne babban lig ɗin da ake nunawa a talabijin ba?

A'a. Wancan MLB ne. Wannan ƙaramin lig ne, inda manyan kulob suke renon 'yan wasansu. Matakai huɗu ne, ƙungiyoyi 120 tun 2021, kuma Durham Bulls tana matakin ƙoli, Triple-A, ƙarƙashin kulob ɗin MLB na Tampa Bay Rays tun 1998. Yaron da ka gani yau, sati mai zuwa zai iya zama yana buga wa Rays. David Price da Evan Longoria, da suka yi suna a Rays, duk ta nan suka bi.

Ban san dokokin wasan ba, zan ji daɗi?

Zaka ji. Mutum ɗaya na jifa, ɗaya na bugu da sanda, in ya buga ya zagaya kusurwa huɗu ya dawo gida an ci maki ɗaya. In an fitar da mutum uku sai a yi musanya. Zagaye tara ne. Ya isheka. Rabin mutanen da ke filin ma hira suke da cin gyaɗa, sai an ji ƙarar sanda kowa ya ɗaga kai.

Zan iya zuwa da iyali?

Haba, to da wa zaka je? Wannan ce tambayar da tafi ɓata min rai, saboda na ga magidanta da yawa suna barin mata da yara a gida wata da watanni, daga makaranta sai Walmart, sannan a zo ana kukan yara sun maƙale a waya. Filin nan kusan dan yara aka tsara shi. Akwai mutumin da ke sa kayan bijimi, Wool E. Bull, yana yawo yana ɗaukar hoto da su, tsakanin zagaye da zagaye ana ɗan wasanni a fili, wasu dararen kuma ana harba wutar wasa bayan an tashi. Can hagu akwai doguwar katanga shuɗiya, samanta an kafa allon wani ƙaton bijimi, in ɗan gida ya buga ƙwallo ta fita fili sai idanunsa su yi ja, hayaƙi na fita ta hancinsa, wutsiya na kaɗawa. Ƙaramar 'yata har yau da ta shiga wurin nan take fara dubawa, ba ta zama sai ta gaishe shi.

Da tsada?

A'a, yafi na manya sauƙi nesa ba kusa ba. Abinci da fakin ne ke cin kuɗi. Ka tafi da kati, filaye da yawa yanzu basa karɓar tsabar kuɗi.

Yaushe ake yi?

Daga ƙarshen Maris zuwa Satumba. Talata zuwa Lahadi da ƙungiya ɗaya, Litinin hutu. Sati guda suna gida, wani satin sun tafi, dan haka ka duba jadawali kar ka tuƙo daga Raleigh ka tarar da ƙofa a rufe.

To sallah fa, da abin da za mu ci?

Yawwa, nan ne ake buƙatar natsuwa, kuma ni ba malami ba ne, abin da nake yi kawai zan faɗa. Yawancin wasannin dare ana farawa wajen shida da rabi, kuma wasa kan ɗauki awa biyu da rabi ko fiye kaɗan tunda aka sa agogon da ke ƙayyade wa mai jifa lokaci. La'asar ba matsala, ka yi ta a gida kafin ka fito. Magariba ce ke faɗowa ana tsaka da wasa, a watan Yuni rana bata faɗuwa sai wajen takwas da rabi, a Afrilu ko Satumba kuwa tun bakwai da wani abu, kenan a Yuni in wasa bai ja ba zaka iya kusan ƙarasawa, amma a Satumba kam lokaci zai same ka a kujera. Ni dai da alwalata nake fitowa, in lokaci yayi sai in je teburin masu kula da baƙi in ce ina neman wuri shiru na minti biyar, ko in nemi lungu bayan matakala inda ba a wucewa in shimfiɗa rigar sama, matata ta riƙe yara, in na dawo ita ma ta je. Amma ban ce haka zai kasance a kowane fili ko kowane dare ba, ya danganta da wanda ka tarar da yawan jama'a. Kar kuma ka ce bari in fita mota in yi in dawo ba tare da ka tambaya ba, wasu filayen in ka fita tikitinka ya ƙare. Wasu 'yan uwa suna jinkirtawa su haɗa da isha a gida, wannan kuma ka tambayi malaminka, ni ban saba ba. In duk wannan yayi maka nauyi ka zaɓi ranar Lahadi, an fi bugawa da wuri, sai dai zafin Yuli a nan ba wasa ba, ka nemi kujerar da ke ƙarƙashin rumfa.

Abinci kuwa, ka riƙe wannan da kyau: a North Carolina in an ce babakiyu, alade ake nufi, ba irin gashinmu ba. Na taɓa riƙe hannun wani ɗan uwa sabon zuwa yana miƙa kati, shi a zatonsa wani abu ne kamar balangu. Hot dog kuma wani na naman shanu ne zalla, wani haɗi ne, sai ka tambaya, kuma ko na naman shanun ne akwai maganar yanka, wadda kowa da inda ya tsaya a kai, ni bana ci, wasu da nake girmamawa suna ci. Gyaɗa, gugguru, lemo, ayis kirim, waɗannan sun fi sauƙi. Soyayyen dankali ma ina tambaya ko da mai ɗaya ake soya shi da nama. Mafi alheri dai ku ci tuwonku a gida ku ƙoshi, a fili a saya wa yara abin taɓawa. Shiga da abincin gida, kowane fili da dokarsa, haka ma girman jaka, ka duba shafinsu ranar da za ka je dan suna canzawa.

Ana shan giya a wurin?

Ana sha. Amma ba irin gidan giya ba ne, iyalai ne suka fi yawa, kuma galibi ana daina sayarwa kafin a tashi. In maƙwabcinka ya dame ka ka gaya wa ma'aikaci.

In ƙwallo ta faɗo wurina?

Taka ce, ba mai karɓa. In akwai yaro kusa ka ba shi, haka ake yi. Amma dan Allah ku daina kallon waya in ana jifa. Ƙwallon nan tauri gareta kamar dutse, na ji ƙarar da ta yi a kan kujerar da ba kowa a layin gabanmu, tun ranar bayan raga nake zaunar da yara.

Me yasa kowa ke miƙewa a zagaye na bakwai?

Miƙe ƙafa ne, ana waƙa tare. A farkon wasa kuma ana taken ƙasa, ka tashi tsaye kamar kowa.

In ruwa ya sauko?

Su ja tamfol su rufe fili, ku jira a rumfa. In an soke kafin a cika zagaye biyar galibi tikitinka na nan, ana canza maka wata rana, kar ka yar da shi.

Zan sa babbar riga?

Sa abin da kake so. Ni da kaftani na sha zuwa, matata da hijabinta. Ka dai ƙara da hular rana in wasan rana ne.