Me ake nufi da gidan "préfabriqué"?

Masu jin Faransanci sun san kalmar, masu Turanci kuma suna cewa "prefab". Gida ne da ake ƙera sassansa a masana'anta, wato ginshiƙai da bango da tagogi da rufi, sai a kwaso su zuwa fili a ɗaure da noti. Babu kwaɓa ƙasa, babu jiran siminti ya bushe. Wani ma ana iya kwance shi a kai shi wani gari.

Mutumin da ya fi ba wannan tunani daraja a Faransa shi ne Jean Prouvé, wanda aka haifa a 1901, ya rasu a Nancy a 1984. Maƙeri ne tun asali, ba shi da takardar shaidar zanen gini, kuma a wurinsa ƙera kujera da gina gida aiki ɗaya ne. Dubi kujerarsa ta "Standard" ta 1934: ƙafafun baya masu kauri ne saboda can nauyin mai zama yake sauka, na gaba kuwa siraran bututu ne. Haka yake yi wa gida, ya fara gano inda nauyi yake, sannan ya lanƙwasa farantin ƙarfe daidai da shi. A 1944 ya yi ƙananan gidaje masu mita 6 kowane gefe domin mutanen yankin Lorraine na Faransa da Yaƙin Duniya na Biyu ya raba da muhallinsu.

Abin ya iso har Nijar. A 1949, zamanin mulkin mallaka, an ɗauko gidansa na alminiyam mai suna "Maison Tropicale" a jirgin sama aka kafa a Yamai, wasu biyu kuma suka tafi Brazzaville ta ƙasar Kongo a 1951. Rufinsa hawa biyu ne domin iska mai zafi ta samu mafita ta sama, ga faifan ƙarfe kewaye da baranda masu tare rana. Dabara ce mai kyau, ina kuma girmama ta. Sai dai gidan ya yi tsada fiye da ginin da magina ke yi da kayan ƙasar, shi ya sa aka tsaya a uku.

Abin da ke damuna shi ne ƙarshensu. Wajen 2000 wani dillalin kayan tarihi ya kwance gidajen ukun ya mayar da su Faransa. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga na Brazzaville a New York kan kusan dala miliyan 5, gidan da aka ƙera da niyyar a yi ta buga irinsa da yawa a kan araha.