Tafiya da jakar hannu kaɗai: abin da kilo 7 zai ɗauka da abin da ba zai ɗauka ba

Aiki yakan kai ni Riyad daga Jidda kusan kowane wata, kuma na manta rabona da in auna akwati. Mutanenmu na Makka da Jidda, da ɗaliban Madina, da masu zuwa Umra daga gida, sukan tambaye ni yadda nake yi. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa.

Malam, nawa ne nauyin da aka yarda mutum ya shiga jirgi da shi?

A ƙaramin aji, kilo 7 ne a kamfanonin jirgin Saudia da flynas da flyadeal. Tsawon jakar kada ya wuce santimita 55 zuwa 56, har da tayoyi da mariƙi. Faɗi da kauri kuwa kowane kamfani da nasa awo, sai ka duba tikitinka tun a gida. Alhazan da suka zo ta hukumar alhazan Najeriya, NAHCON, sun saba da kilo 8 na hannu, to wancan tsarin jirgin alhazai ne, kada ka je da shi jirgin kasuwa kana gardama. Kuma ka auna jakar tana wofi. Akwai akwatin taya da shi kaɗai kilo 3 ne, ka ga kusan rabin rabonka ya tafi ba ka sa ko hula ba. Ni jakar goyo nake amfani da ita, ba ta kai kilo ɗaya ba.

Mece ce ribar wannan takura?

Kuɗi da lokaci. Tikiti mafi araha a flynas da flyadeal jakar hannu kawai ya ƙunsa, akwati sai ka biya daban, kuma biya a filin jirgi ya fi biya ta intanet tsada. Sannan Jidda zuwa Riyad tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Ka yi layin awo kafin tashi, ka sauka ka tsaya jiran akwati, sai ka tarar hidimar kayan ta kusa kamo tafiyar kanta.

Yaya kayan kwana biyar za su shiga?

Ba kayan kwana biyar za ka ɗauka ba, na kwana biyu ne da niyyar wanki. Jallabiya biyu marasa nauyi, ta uku tana jikinka, sai 'yan ciki uku da silifas. Babu unguwar da ba ta da magsala, wato shagon wanki, a lokacin zafi kuma rigar da ka wanke bayan Isha ta bushe kafin Asuba. Shadda mai sitaci da babbar riga su ne masu cinye wuri. In ɗaurin aure za ka, sa su a jikinka ka hau jirgin. Haka rigar sanyi: Riyad da Tabuka da Abha suna da sanyi sosai a Disamba da Janairu, amma abin da ke jikinka ba a ɗora shi a sikeli. Hajiya kuma abaya biyu da hijabi uku sun isa. Nannaɗe kayan ya fi ninkewa rage wuri, sai dai kada ya ruɗe ki, nauyin yana nan yadda yake.

In Umra za ni daga Riyad, harami fa?

Wannan ma ko kana da akwati, harami a hannu ya kamata ya kasance. Jirgin da ya taso daga Riyad yana wuce daidai miƙatin Ƙarnul Manazil kafin ya sauka Jidda, wanda ya auna haraminsa kuwa ba shi da hanyar kai wa gare shi a sama. Ka ɗaura shi tun a filin jirgi, ka yi niyya in an zo miƙati. Tawul biyun nan suna da nauyi, ɗaura su ya sauke wa jakarka kaya. Reza da dogon almakashi ka bar su gida, za a karɓe a wurin bincike, ga shagunan aski nan birjik a kewayen Masallacin Harami.

Turare da man shafawa za su wuce?

A jiragen ƙasa da ƙasa, kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, duka kuma su shiga leda ɗaya mai nuna ciki, mai cin lita ɗaya. Dokar ta samo asali ne a 2006, bayan an bankaɗo wani shiri a Landan na tayar da bam na ruwa a cikin jirage. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba: kwalbar mililita 200 da saura ɗan kaɗan a gindinta ba za ta wuce ba. Tolar turaren oud, mililita 12 ce, ba ta da matsala. Inda mutanenmu suke asara shi ne zuma da man zaitun da man habbatus-sauda da man shanu. Su a ganinsu abinci ne ko magani, mai bincike kuwa ruwa yake gani. Na taɓa ganin wata dattijuwa tana roƙo a kan kwalbar zumarta har da ƙwalla, aka ba ta haƙuri, aka ajiye kwalbar gefe. Sabulu da man goge baki kuwa kowace baƙala, wato shagon unguwa, akwai, me na ɗauko su?

To Zamzam da tsaraba?

Nan ne dabarar take ƙarewa. Zamzam ba ya shiga jakar hannu, ba a kuma yarda a ɓoye shi cikin akwati ba. Galan ɗin lita 5 da aka rufe a kwalinsa, wanda ake sayar wa mahajjata da masu Umra a filin jirgi, shi ake karɓa, kuma aunawa ake yi a kai shi ɗakin kaya. Ka tambayi kamfanin jirginka kafin ka saya, musamman in tikitinka na jakar hannu ne kawai. Dabino kilo biyu kuma ya cinye kusan sulusin rabonka. Mai komawa Kano ko Zinder bayan shekara biyu, ga iyaye ga surukai ga maƙwabta suna jira, ban ce ya tafi da jakar goyo ba, don ba ni zan sha gorin ba. Ya sayi kilonsa ta intanet tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Fawa-bank da magani?

Fawa-bank a hannu ake riƙe shi dole, saboda batirin litiyam yana iya kama wuta, a cikin fasinjoji kuwa ana saurin gani a kashe. Mai 20,000 mAh yana ƙasa da iyakar 100 Wh da aka yarda. In an ce jirgi ya cika za a karɓi jakarka a ƙofa, fara cire shi, da fasfo da iƙama (katin izinin zama) da kuɗi. Magani ka bar shi a kwalinsa tare da takardar likita. Tramadol da ire-irensa ba a wasa da su a ƙasar nan, goro ma an sha gargaɗin alhazai a kansa.

Wani ya ce tunda ba ni da kaya, in ba shi kilona ko in riƙe masa saƙo. In karɓa?

Kada ka karɓa, ko da da “don Allah, ɗan uwa” ya fara. Duk jakar da aka manna wa sunanka taka ce a gaban hukuma, safarar ƙwaya kuma a Saudiyya hukuncinta yana kaiwa ga kisa. A Disamba 2018 an kama wata ɗaliba da ta taso daga Kano zuwa Umra, saboda wata jaka mai tramadol da aka sa wa sunanta ba ta sani ba. Sai a ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta, bayan hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, ta gano masu wannan aika-aika. Shi ya sa in na je kantar kamfanin jirgi nakan faɗa da bakina cewa ba ni da kayan awo, in kuma juya katin shiga jirgin da bayan fasfona in tabbata ba a liƙa mini lambar akwati ba. Saƙon ɗan uwa na jini kuwa, ya buɗe shi a gabana tun a gida, in ga abin da ke ciki, ni kuma in sa a jakata da hannuna.