Ba don Yaƙin Cacar Baka aka ƙirƙiri Captain America ba

An daɗe ana cewa Amurkawa sun ƙirƙiri Captain America, gwarzon nan mai garkuwa na mujallun zane, don ya yaƙi 'yan kwaminis. Ba laifin mai tunanin ba ne, tunda tutar ƙasar ce a jikinsa. Amma ya girmi Yaƙin Cacar Baka. Fitowarsa ta farko ta watan Maris 1941 ce, a bangonta kuwa Hitila yake kai wa naushi a muƙamuƙi, tun Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba.

An dai gwada juya shi kan 'yan kwaminis daga 1953 zuwa 1954, kasuwa ta ƙi, aka daina bugawa. Sai 1964 aka dawo da shi, wai ƙanƙara ce ta daskarar da shi tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar ce Black Widow, wata jarumar mujallun zane, ta bayyana a matsayin 'yar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet. A ganina, ita ce 'yar zamanin Yaƙin Cacar Baka ta haƙiƙa.

Hotunan tsofaffin mujallun suna intanet: wata yana bango, shekara kuma tana cikin ƙananan rubutun shafukan farko. Don Allah a tura wa masu sha'awar irin waɗannan labarai.