Farin Ciki da Son Allah a Addinin Yahudanci

A addinin Yahudanci, son Allah da farin ciki wajibai ne na ibada. Malaman Yahudawa suna ganin mai bauta cikin ɓacin rai bai cika bautarsa ba, ko da ya yi aikin daidai.

Asali

Umarnin son Allah da dukkan zuciya da rai da ƙarfi yana cikin Attaura, Maimaitawar Shari'a 6:5, kuma yana cikin addu'ar Shema da ake karantawa safe da dare. A sura ta 28, aya ta 47, an danganta azaba da rashin bauta wa Allah cikin murna a lokacin wadata. Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya ruwaito cewa malaminsu Rabbi Akiba, wanda Rumawa suka kashe a wajajen shekarar 135, ya cika yana karanta Shema.

Malaman Andalus

Nan ne batun ya yi zurfi. Bahaya ibn Fakuda, wanda ake kyautata zaton ya rayu a Saragosa cikin ƙarni na 11, ya rubuta Alhidaya ila Fara'idil Ƙulub da Larabci, a haruffan Ibrananci. Ya kasa littafin babi goma: ya fara da tauhidi, ya bi ta tawakkali da tuba da zuhudu, ya rufe da son Allah. Duk wanda ya saba da littattafan sufaye zai gane wannan jeri, kuma masana sun yarda cewa ya ɗebo daga gare su. Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya kwatanta mai son Allah da wanda soyayya ta kama, tunaninsa ba ya barin masoyiyarsa ko yana ci ko yana sha. A wurinsa, gwargwadon sanin Allah gwargwadon sonsa.

Hasidawa

Baal Shem Tob, wanda ya kafa tafarkin Hasidawa a cikin Yahudanci, wanda aka haifa a wajajen 1700 ya rasu a 1760 a yankin Yukren ta yau, ya koyar da cewa talaka marar zurfin karatu yana iya kusantar Allah ta addu'a mai zafi da waƙa da rawa. Wasu malamai sun ƙi hakan, har aka yi wa mabiyansa hukuncin wariya a birnin Bilna, a ƙasar Lithuania ta yau, a 1772.

A yau

An fi ganin wannan farin ciki na ibada a bikin Simhat Tora, inda ake rawa da naɗaɗɗun littattafan Attaura a majami'a.