Waiwaye: Tun yaushe shagunan tsakiyar garuruwan Birtaniya suka fara mutuwa?

Muhawara kan yadda za a farfaɗo da tsakiyar ƙananan garuruwan Birtaniya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Tun watan Disamban 2024 ƙananan hukumomin Ingila suka samu ikon yin gwanjon hayar shagon da ya wuce shekara a kulle, ko da mai ginin bai so ba. Wasu na murna, masu gine-gine kuma na ganin an shiga haƙƙinsu. Amma da za ka tambayi kowane ɓangare abin da ya kashe kasuwar, amsa ɗaya za su ba ka: sayayya ta intanet da annobar korona. Ni kuwa a ganina waɗannan biyun sun tarar da ciwon ya riga ya ci jiki.

Labarin da kowa ya sani gajere ne. A shekarun 1980 manyan kantuna suka koma bayan gari, inda ake ajiye mota kyauta. A 1996 aka fito da tsarin fifita tsakiyar gari wajen ba da izinin gini, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kamfanin kantuna na Woolworths ya durƙushe a ƙarshen 2008, shaguna kusan 800 suka rufe. Rahoton da masaniyar harkar kantuna Mary Portas ta rubuta wa gwamnati a 2011 ya kawo shawarwari 28, a 2018 kuma aka ware fam miliyan 675 domin gyaran titunan kasuwa.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne tun 1964. Kafin lokacin, a kan kayayyaki da yawa masana'anta ce ke yanke farashin da za a sayar da kayanta, ba mai shago ba. Rediyo ko takalmi ko kwalbar magani, kuɗinsu ɗaya ne a babban kanti na Landan da ƙaramin shagon ƙauye. Ga wanda ya saba da kasuwar da ake tayi ana cewa albarka, wannan zai zo masa baƙo. To amma duba abin da tsarin ya haifar: tun da farashi ɗaya ne, babu dalilin da zai sa mutum ya tsallake shagon unguwarsu ya tafi nesa. Gasar 'yan kasuwa ta tsaya a kan kusanci da haba-haba da kai kaya har gida da ba da bashi.

Tsarin ya fara tsagewa a 1956, lokacin da doka ta hana masana'antu haɗa baki su daina ba mai karya farashi kaya. Kafin shekarun 1950 su ƙare, kayan abinci sun kusa fita daga ƙangin. Dokar 1964 ce ta ƙarasa aikin, ta haramta ƙayyade farashi sai wanda kotu ta amince da shi. Manufar ba mummuna ba ce, so ake kaya su yi wa talaka sauƙi, kuma sun yi. Ƙananan 'yan kasuwa dai sun hango abin da ke tafe, suka tayar da jijiyar wuya, har a wata ƙuri'a kan batun magunguna gwamnati ta sha da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak. Daga nan mai sarin tirela guda ya samu damar sayarwa a farashin da mai sarin kwali biyu ba zai ko maida uwar kuɗinsa ba. Shi kuma babban kanti fili yake buƙata, filin da babu shi a tsohon titin gari. Ƙaurar shekarun 1980 a nan ta samo asali.

Abu biyu kaɗai kotu ta ƙyale a tsohon tsari: littattafai da magunguna. Nan ne hujjar take. Shagunan littattafai sun ci gaba da rayuwa har yarjejeniyar farashinsu ta wargaje a 1995, kotu ta soke ta a 1997. A 1995 ƙungiyar masu sayar da littattafai tana da shaguna masu zaman kansu 1,894, zuwa 2016 saura 867. Gaskiya intanet na da hannu a ciki, kuma adadin ya ɗan farfaɗo daga baya. Sai dai Faransa ma tana da intanet. Tun 1981 dokarta ta hana rage fiye da kashi 5 cikin ɗari a farashin sabon littafi, kuma har yau ƙananan shagunan littattafanta sun haura 3,000.

Ba cewa nake a dawo da tsarin da aka binne ba, babu mai sayen da zai yarda. Amma dasa furanni da sauya fitilun titi da gwanjon haya duk ba su taɓa giɓin farashin nan na tsakanin babban kanti da ƙaramin shago ba, wanda ya karɓi shagon gwanjo zai tarar da shi yana jiransa. Garin Stockton da ke arewa maso gabashin Ingila, ɗaya daga cikin garuruwa 12 na farko da aka gwada shawarwarin 2011 a cikinsu, ya daina jiran dawowar masu sayayya. A 2022 ya fara rushe rukunin shagunan Castlegate domin yin wurin shaƙatawa a bakin kogin Tees, ya tattara shagunan da suka rage a ɓangare ɗaya na titin.