Tambayoyi da Amsoshi Kan Magungunan Ruɗewar Tsufa

A gidaje da yawa a Katsina akwai tsoho ko tsohuwar da ake cewa ta ruɗe. Za a ba Hajiya tuwo ta ci ta wanke hannu, kafin a kwashe kwanuka ta kira jikarta tana ƙorafin tun safe ba a ba ta komai ba. Wani dattijon kuma sandarsa zai ɗauka ya nufi Ƙofar Marusa wai za shi gona, alhali an sayar da gonar shekara ashirin da suka wuce. Idan 'ya'ya suka gaji da cewa "tsufa ne", tambayar da suke kawowa asibiti ita ce ko akwai magani.

Shin ruɗewar nan cuta ce, ko kuwa tsufa ne kawai?

Cuta ce. Tsoho mai lafiya yana iya manta inda ya ajiye carbinsa ya tuna daga baya, amma wanda ya manta yadda ake alwala, ko ya kasa gane ɗan da ya haifa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ne suke mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke fama da wannan lalura, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce, wadda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906. Akwai kuma wadda toshewar jijiyoyin jini ke haddasawa bayan doguwar jinyar hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki. Abin takaici, har yanzu ana samun inda ake jingina wa irin wannan tsohuwa maita ko aljanu saboda sambatun da take yi da dare.

Waɗanne magunguna likita yake rubutawa?

Huɗu ne aka fi sani. Uku daga ciki dangin juna ne: donepezil, wanda aka amince da shi a Amurka a 1996 ana sayar da shi da sunan Aricept, sai rivastigmine da galantamine. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, asetilkolin, wanda yake kai saƙo daga wata ƙwaya zuwa wata, kuma cutar Alzheimer tana rage shi ƙwarai. Aikin magungunan nan uku shi ne hana ragowar sinadarin saurin lalacewa, domin ɗan abin da ya rage ya daɗe yana aiki. Ana ba da su ne tun cutar tana farko-farko zuwa tsakiya.

Na huɗun shi ne memantine, wanda ya samu amincewa a Turai a 2002, a Amurka kuma a 2003. Shi kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yake yi daga wani sinadari daban, gulutamet, wanda yawansa ke gajiyar da su. An fi ba da shi idan cutar ta yi nisa, ko idan jikin majinyaci ya ƙi karɓar waɗancan, kuma likita yana iya haɗa shi da donepezil.

Suna warkarwa?

Ba sa warkarwa, kuma duk wanda ya ce yana da maganin da ke dawo da hankalin tsohon da ya ruɗe tas, a kemis ne ko a lasifikar kasuwa, kuɗin mutane yake so. Ƙwayar ƙwaƙwalwar da ta mutu ta mutu ke nan. Abin da magungunan nan suke yi shi ne sassauta alamomin na wani lokaci, sau da yawa watanni zuwa shekara ɗaya ko ɗan fiye, yayin da cutar take ci gaba da tafiyarta a ƙarƙashi. Wasu majinyatan ana ganin sun ɗan farfaɗo, wasu su tsaya inda suke, wasu kuwa ba a ganin komai.

A nan ne iyalai suka fi yin kuskure, domin suna jiran Baba ya koma lissafin kuɗin shago kamar da, idan bai koma ba sai su ce maganin banza ne. A ganina, ma'aunin da ya dace ƙarami ne kuma yana cikin gida. Da yana tambayar "yau wace rana?" sau goma kafin azahar, yanzu sau nawa yake yi? Yana iya sa rigarsa da kansa? Yana kai raka'a huɗu ba tare da ya tsaya yana kallon bango ba? Yana zama a yi hira da shi, ko ya koma shiru a ɗaki? Mutumin da aka yi wata shida yana nan yadda yake, a cutar da ɗabi'arta ita ce ƙaruwa, ya amfana da magani ko da ba wanda ya lura. Yana da kyau mai jinya ya riƙa rubuta irin waɗannan a ɗan littafi ya tafi da shi ranar ganin likita.

Me zai hana a saya a kemis a gwada?

Domin ba kowace mantuwa ce wannan cuta ba. Ƙarancin bitamin B12, raunin aikin halittar nan ta maƙogwaro da ake kira tayirod, ciwon damuwa, har da ciwon mafitsara a jikin tsoho, duk suna iya kawo ruɗewa, kuma waɗannan ana magance su mutum ya dawo daidai. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa ta gaggawa ce. Akwai kuma nau'in cutar da ke fara taɓa ɗabi'a kafin mantuwa, wanda donepezil ba ya yi masa amfani, yana ma iya ƙara wa mutum fitina. Saboda haka sai an ga likitan ƙwaƙwalwa, a wuri irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, an yi tambayoyi da gwajin jini, an kuma auna bugun zuciya.

A tafi wa likita da duk abin da tsohon yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya. Magunguna irin su Piriton da amitriptyline da benzhexol suna toshe aikin asetilkolin ɗin da ake ƙoƙarin tattalawa, diazepam kuma yana ƙara ruɗewa da faɗuwa.

Wace illa za a sa wa ido?

Dangin donepezil sun fi taɓa ciki: tashin zuciya, amai, gudawa, rashin cin abinci da rama. Shi ya sa ake fara donepezil da miligiram 5 sau ɗaya a rana, sai bayan mako huɗu zuwa shida a kai 10 idan jiki ya karɓa. Yawanci da dare ake sha, amma idan ya kawo munanan mafarkai likita kan mayar da shi safe. Wadda ta fi haɗari ita ce rage bugun zuciya, saboda haka idan tsoho ya fara jiri ko ya suma, a koma asibiti a ranar. Mai olsa ko asma ko ciwon zuciya a faɗa tun farko. Memantine yana kawo jiri da ciwon kai da taurin bayan gida, kuma ana rage adadinsa ga mai ciwon ƙoda.

Rivastigmine yana zuwa a filasta da ake mannawa a baya ko ƙirji ko dantse, a canza kowace awa 24. Dole a cire na jiya kafin a sa na yau, a kuma sauya wuri. A gidan da matan 'ya'ya uku suke karɓa-karɓar jinya, abu ne mai sauƙi a wayi gari da filasta biyu a jikin tsohuwa, ko a ba ta ƙwaya sau biyu saboda ta rantse ba ta sha ba. Mutum ɗaya ya riƙe maganin, a wurin da ita ba za ta kai hannu ba.

Idan ba a ga canji ba, ko kuɗi suka ƙare, a daina?

Kada a daina ba da sanin likita ba. Wani bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2012 ya nuna cewa waɗanda aka cire wa donepezil bayan cutarsu ta yi nisa sun fi waɗanda suka ci gaba da sha taɓarɓarewa. Idan kuma an yi kwanaki ba a sha ba, musamman rivastigmine, ba a komawa kan babban adadi kai tsaye, daga ƙarami ake sake farawa. Batun kuɗi kuwa a faɗa wa likita ba kunya, domin akwai donepezil na kamfanoni daban-daban da bai kai Aricept tsada ba. A dai duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwalin.

Sababbin magungunan da ake ji a labarai fa?

Lecanemab, wanda ya samu cikakkiyar amincewa a Amurka a 2023, da donanemab a 2024, suna share wani datti mai suna amiloyid da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai Alzheimer. Yawanci ta jijiya ake ba da su kamar ƙarin ruwa, ga waɗanda cutarsu take farkon farawa kaɗai. Suna rage saurin cutar kaɗan, suna iya kawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, don haka sai ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI a kai a kai, kuma a 2023 an sa wa lecanemab farashin dala 26,500 a shekara a Amurka, ban da kuɗin hoto da na asibiti.